Yadda cocin Firesbiteriyan ya kafu a filin zinariya na Lawrence

Malam, ka tambayi yadda cocin Firesbiteriyan ya samu gindin zama a ƙaramin garin Lawrence na lardin Otago a Niyu Zilan, alhali masu haƙar zinariya ba mutanen zama wuri ɗaya ba ne. Asalin maganar yana komawa 1848, lokacin da 'yan Sikotilan mabiya Free Church, wani reshe na cocin Firesbiteriyan, suka kafa garin Dunedin a Otago ƙarƙashin Kyaftin William Cargill da Rabaran Thomas Burns. Saboda haka, sa'ad da Gabriel Read ya gano zinariya kusa da kogin Tuapeka, a yankin da garin Lawrence yake yanzu, a watan Mayun 1861, jama'a suka yi ta tururuwa, akwai hukumar coci a kusa wadda ta riƙa tura fastoci.

Ibadar farko a cikin tantuna da rumfunan akoko aka yi ta, mahaƙa na zaune da taɓo a takalmansu. A ganina, abin da ya raya cocin shi ne tsarinsa na dattawa, domin ko fasto bai zo ba, dattawan ikilisiya suna iya tara jama'a ranar Lahadi. Da zinariya ta ja baya, manoma da 'yan kasuwar da suka zauna ne suka riƙe shi, har aka gina cocin a 1886 bisa zanen Robert Lawson. A shekarar ne kuma Alexander Don, ɗan mishan na cocin Firesbiteriyan, ya zo yin wa'azi cikin mahaƙa 'yan Sin, ko da yake kaɗan ne suka karɓa.