Tambaya da Amsa: Hidimar Baƙi a Ƙarshen Mako da Haƙƙin Ƙananan Yara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a wani ƙauye kusa da Dambatta, ina da yara uku, babban shekararsa 7, ƙaramar kuwa watanta 9. Maigidana yana aiki a Kano, sai yammacin Juma'a yake dawowa, kuma daga Asabar zuwa Lahadi gidanmu ba ya rabuwa da abokansa da danginsa da ƙawayena da 'ya'yansu. Ina jin daɗin zuwansu ƙwarai, amma tun asuba nake gaban murhu, yarana ba sa samun abinci a kan lokaci, kuma kwanan baya na tsakiyar ya yi gudawa bayan ya ci shinkafar da ta kwana. Yaya zan karrama baƙi ba tare da na shiga haƙƙin 'ya'yana ba? Daga wata uwa a Jihar Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa gidanku albarka, domin ba kowane gida ne mutane suke marmarin zuwa ba. Sai dai zan fara da yaran, saboda babban baƙo yana iya haƙuri har azahar, yaro ƙarami kuwa ba zai iya ba, kuma ba shi da bakin da zai kai ƙara.

Kafin ki ɗora tukunyar baƙi, ki sallami yara da koko ko kunun gyaɗa da ƙosai. Idan an sauke abincin rana, nasu za ki fara ɗiba, kuma kada ki haɗa ƙanana da manya a faranti guda, domin hannun babba ya fi sauri, sai ƙaramin ya tashi da yunwa alhali kowa yana zaton ya ƙoshi. 'Yar wata 9 tana bukatar nononki tare da abinci mai laushi sau 3 zuwa 4 a rana, ko da gida ya cika. Ki kuma sanar da baƙi cikin ladabi cewa ba a ba jariri zuma kafin ya cika shekara ɗaya, ba a kuma miƙa masa gyaɗa ko aya, domin waɗannan biyun suna iya shaƙe shi. Mutane sukan yi haka ne saboda ƙauna, amma ƙaunar ba ta kawar da haɗarin.

Maganar shinkafa tana bukatar kulawa ta musamman. Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗin kada a bar dafaffen abinci a waje fiye da awa 2. Shinkafa tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da dafuwa ba ta kashe ta, wadda take yaɗuwa idan abincin ya huce ya daɗe a ajiye, har ta fitar da gubar da ɗumame ba ya lalata ta. A zafin ƙasarmu, inda babu firij ko babu wuta, abin da ya fi shi ne a dafa daidai bukata, wanda ya ragu kuma a raba wa maƙwabta da almajirai tun da zafinsa. Idan gudawa ta sake kama yaro, ki ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti, kuma ki hanzarta kai shi wurin ma'aikacin lafiya idan kika ga jini ko ya galabaita.

Game da girki, Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, don haka ba dole ba ne ki yi kala uku. Dambun zogale, ko ɗanwake, ko shinkafa da wake da mai da yaji, kowannensu yana auki yana kuma fitar da mutum kunya. Dakan yaji da kai niƙa da tanadin itace da ruwa, duk a gama su tun Alhamis. Tunda kasuwar Dambatta ranar Lahadi take ci, maigida ya riƙa sayo busassun kayan miya na mako mai zuwa, ya kuma taho da nono, domin fura mai kyau ta isa a tarbi baƙon yamma da ita.

Ki zauna da maigida a lokacin da yake cikin nishaɗi, ki roƙe shi ya riƙa sanar da ke ta waya tun Alhamis mutum nawa yake sa ran za su zo. Ƙawayenki da ƙannen mijinki kuma ba baƙi ba ne da za a ji nauyinsu. Wata ta kama tankaɗe, wata wanke-wanke. Sannan ki ware babba guda, ba yarinya 'yar shekara 8 ba, wadda aikinta kawai shi ne sa ido a kan yara, ta hana su kusantar murhu da bakin rijiya, ta kuma tabbatar sun wanke hannu da sabulu kafin su ci abinci.