Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Bulona Yake Marmashewa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da gidan bulo a Rigasa. Tun shigowar hunturu magina ke dawo mini da ƙorafi, wai bulon yana marmashewa a hannu, wani ma tun a mota yake karyewa. Siminti iri ɗaya nake saye, kuma buhu guda mukan fitar da bulo 40 mai inci tara. Ina matsalar take?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Abin da ka faɗa a ƙarshe shi ne farkon matsalar. Buhun siminti mai kilo 50 kwanon sarki biyu ne. In za a yi haɗin kashi ɗaya na siminti da kashi shida na yashi, kwano 12 na yashi ke nan, wato kimanin baro uku. Wannan haɗi da wuya ya ba ka fiye da bulo 20 da 'yan kai mai inci tara, ya danganta da kaurin bangon bulon. Wanda ya kai 40 ya ninka yashin ne, simintin kuwa bai isa ya riƙe shi ba. Ma'aunin hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa (SON) mai lamba NIS 87 ya ce bulon da zai ɗauki nauyin gini ƙarfinsa kada ya gaza 3.45 N/mm² (awon matsin da bulo ke jurewa kafin ya fashe), wanda ba zai ɗauki nauyi ba kuma 2.5. Da irin haɗinka ba a kaiwa nan.

Ka hana awo da shebur. Cikin shebur na safe daban yake da na la'asar, lokacin da lebura ya gaji. A ware baro ɗaya, a ja masa layi da fenti, a riƙa share bakinsa da katako.

Sai yashi. Ba duk yashin da tifa ta juye maka ne mai kyau ba, ko da an ce daga kogin Kaduna aka ɗebo. Laka tana lulluɓe ƙwayar yashi ta hana siminti kama ta. Gwajinsa ba ya cin ko kwabo: ka zuba yashi a kwalba mai haske har rabi, ka cika da ruwa, ka sa ɗan gishiri, ka girgiza sosai, ka ajiye awa uku. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta kwanta a samansa. In tsayin yashin santimita 10 ne, lakar kuma ta kusa santimita ɗaya, wannan lodi ba na bulo ba ne. Ka gwada tun direba bai juye ba, don bayan ya juye magana ta ƙare.

A gauraya siminti da yashi a bushe har launinsu ya zama ɗaya kafin a zuba ruwa. Ka damƙi haɗin: in ya dunƙule ba tare da ruwa ya tsatso ta tsakanin yatsu ba, ya yi. A buge shi cikin rabin awa. Kwaɓin da ya fara kamawa aka ƙara masa ruwa don ya saki, ƙarfinsa ya riga ya tafi. Simintin da ya yi gudaji a buhu shi ma haka, shi ya sa ake jera shi a kan katako nesa da bango.

Amma abin da ya sa ƙorafin ya zo da hunturu shi ne ban ruwa, kuma nan ne na fi so ka tsaya. Mutane da yawa sun ɗauka bushewa ce ke ba bulo ƙarfi. Siminti da ruwa yake ƙarfi, a hankali, kwana da kwanaki. Iskar hunturu a Kaduna tana tsotse danshin sabon bulo cikin 'yan awoyi, sai ka ga waje ya yi fari kamar ya nuna, ciki kuwa gari ne. Da zarar ya kama yadda ruwa ba zai zaizaye shi ba, a fara ba shi ruwa safe da yamma, aƙalla kwana 7, a rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna ko leda. A kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Na san mai saye kan tsaya da mota yana jira, amma bulon kwana uku da ka sayar, sunanka ne zai karye tare da shi.

Ka kuma ajiye littafi. Kowace rana a rubuta buhu nawa aka fasa, bulo nawa ya fito, wa ya kawo yashi, wa ya yi ban ruwa. A ɗiga wa bulon kowace rana fenti na daban. In ƙorafi ya zo, ka san ranar da za ka duba. In yawan bulo a buhu ya haura ba dalili, an ƙara yashi ba ka sani ba. Lokaci-lokaci ka kai guda uku masu kwana 28 ɗakin gwajin injiniyoyin gini a matse su a gani.

TAMBAYA: Ina da ƙaramin kamfanin fenti a Kakuri. Wani ya ce sai na samu ISO 9001 kafin in sayar. Gaskiya ne?

AMSA: Ba haka ba ne, Hajiya. Abin da ya wajaba a kan kayan da aka ƙera a gida Najeriya shi ne shaidar MANCAP ta SON, wadda ke tabbatar da cewa fentin ya cika ma'auninsa. ISO 9001, ma'aunin inganci na ƙasa da ƙasa da aka fara fitarwa a 1987, ganin dama ce, kuma tsarin aikinki take tantancewa: yadda kike karɓar kayan haɗi, ajiye bayanai da gyara kuskure. Ki fara da ofishin SON na jiha. In manyan 'yan kwangila suka fara neman ISO a takardunsu, a lokacin sai ki nema.