Aikin banki a Adum: fara duba wa ya ɗauke ki

Ƙanwata, kin tambaya ko ki karɓi aikin da wani banki ya ba ki a Adum, unguwar kasuwanci da ke Kumasi a Ghana, da yadda manajoji ke riƙe ma'aikata.

Bankin ne ya ɗauke ki, ko kamfanin da ke samo masa ma'aikata? Masu zama kan kanta da yawa 'yan kwantiragi ne, aiki ɗaya amma alawus ya bambanta. Ki tabbatar ana zuba miki kuɗin fansho na SSNIT, hukumar fanshon ma'aikata ta Ghana: ke kashi 5.5 cikin ɗari na albashinki, masu ɗaukar ki aiki kuma kashi 13.

Abin da ya fi gajiyar da mutane shi ne kuɗin ajiya da ake yanka wa kowa ya kawo. Za ki zaga kasuwar Kejetia cikin rana kina lallashin 'yan kasuwa, wani manajan kuma a gaban kowa zai karanto sunan wanda ya gaza. Tun da Babban Bankin Ghana ya soke lasisin wasu bankuna a 2017 da 2018, ba kowa ke iya ɗaga murya ba, don tsoron rasa aiki.

Dokar ƙwadago ta 2003 ta ce awa 40 a mako, amma ba a tashi sai lissafi ya daidaita. Maganar lokacin salla da hijabi kuwa, ki yi ta da manajan reshe kafin ki sa hannu.