Me ya sa ƙamshin gahawa ke gushewa a fulas?

Malam, ka ce gahawarka na tashe da ƙamshi da safe, amma in ta yini a fulas sai ta koma lami. Ba laifin fulas ɗin ba ne. Babban jigon wannan ƙamshi wani sinadari ne mai ɗauke da farar wuta, 2-furfurylthiol, wanda babu shi a ɗanyar ƙwaya. Wajen gashi yake samuwa, sa'ad da zafi ya haɗa sukarin ƙwayar da cysteine, wani sinadarin furotin da ke cikinta. Masana kimiyyar sinadarai Reichstein da Staudinger sun gano shi a gahawa tun 1926. Ɗan mitsitsi ne a kofi, hanci ne kawai ke da saurin kama shi. Da an dafa, sinadaran da ke ba gahawa launin ƙasa-ƙasa sai su riƙe shi gam, ya kasa tashi zuwa hanci, zafin fulas kuwa ƙara hanzarta hakan yake.

Ni dai ruwan zafi zalla nake zubawa a fulas, in haɗa gahawar lokacin sha. Amma fa sai in garin gahawar na rufe ruf, domin iska ma tana lalata sinadarin, kuma niƙaƙƙiya ta fi ƙwaya saurin salancewa. In da hali, niƙa daidai na sha ɗaya.