Abin da hunturun Antatika ke yi wa jiki da hankali

'Yar'uwa, kin tambaya ko ƙanenki injiniya, wanda aka ɗauka aikin hunturu a wata tashar bincike a Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙarshen kudancin duniya, zai dawo da lafiyarsa da hankalinsa yadda ya tafi. Na yi irin wannan zaman a matsayin ma'aikacin lafiya a wata tasha ta bakin teku, kuma amsata ita ce galibin mutane lafiya suke dawowa, sai dai a tsakani jiki da hali suna sauyawa, kuma gara ya san haka tun kafin ya hau jirgi.

Barci ne ke fara lalacewa. Ƙwaƙwalwa tana fitar da sinadarin melatonin idan duhu ya yi, hasken safiya kuma shi ne ke tsayar da shi ya daidaita agogon jiki, wanda da ma ya ɗan haura awa 24 a yawancin mutane. Idan rana ta daina fitowa, kamar yadda take yi a wurare da yawa na Antatika da hunturu, sai lokacin barci ya riƙa ja baya kullum, har mutum ya tarar da kansa ido biyu da ƙarfe 4 na asuba, yana kuma gyangyaɗi a bakin aiki. A tashar Konkodiya ta Faransa da Italiya, wadda ke kan tudun ƙanƙara mai tsayin mita 3,233 sama da teku, ba a ganin rana daga Mayu zuwa Agusta, sanyi yakan kai digiri 80 ƙasa da sifili, ga ƙarancin iskar shaƙa da ke ƙara dagula barcin. Shi ya sa hukumar sararin samaniya ta Turai take tura likita can kowace shekara don ya yi nazarin ma'aikatan.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na tayirod, halittar nan ta wuya wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo. Ita ke samar da sinadarin T3 mai sarrafa ɗumin jiki da ƙona abinci. Idan sanyi ya daɗe, tsoka takan janye T3 da yawa daga jini domin ta ɗumama jiki, sinadarin TSH da ke zaburar da tayirod ya hau, kuma masana suna danganta wannan da mantuwa da sanyin jiki da saurin fushi. Na ga ƙwararren makaniki ya shigo ɗakin ajiya ya tsaya ya rasa abin da ya kawo shi, na kuma sha ganin mutum ya ƙura wa bango ido ana yi masa magana bai ji ba. Wanda bai sani ba zai ɗauka raini ne ko taɓin hankali, alhali yawanci ba ko ɗaya. Wani bincike da aka wallafa a 2019 kan ma'aikatan tashar Neumayer III ta Jamus, waɗanda suka yi wata 14 a can, ya nuna wani sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tuna abubuwa ya ragu da kusan kashi 7 cikin 100. Mutanen da aka gwada ba su kai goma ba, don haka bai kamata a gina tsoro a kansa ba.

A ganina, zama da mutane ya fi duhu da sanyi wuya. Fuskoki ɗaya ne safe da yamma, babu jirgi, babu wurin da mutum zai je ya huce, kuma zo mu zauna zo mu saɓa. Bayan bikin tsakiyar hunturu na 21 ga Yuni, lokacin da aka ci rabin zaman amma ƙarshe bai matso ba, a nan ne zukata suka fi tsami, har yadda wani ke tauna abinci ya zama abin rigima. Wasu kuma sukan janye su yi shiru, ba murna ba baƙin ciki, har haske ya dawo.

Maganin tsoho ne. A jirgin ruwan Belgica, wanda ƙanƙara ta riƙe a 1898, likitansa Frederick Cook ya riƙa tsayar da marasa lafiya gaban wuta, ya kuma sa su cin naman da aka farauto sabo. Yau akwai fitilu masu ƙarfi da ake zama gabansu da safe, da ƙwayar bitamin D, da motsa jiki, amma ginshiƙin dai shi ne tsari: ƙanenki ya riƙa tashi a lokaci ɗaya kullum ko barci bai ishe shi ba, ya ci abinci tare da jama'a ko ba ya son magana. Salloli biyar sun riƙe mini wannan tsarin, da yake na bi lokutan gari mafi kusa da ke da dare da rana. Ya nemi fatawa kan salla da azumi tun yana gida.

Idan ya dawo, kada a tara masa 'yan barka da zuwa a makon farko, domin hayaniya da cunkoso sukan yi wa wanda ya fito daga can nauyi. Barci da tunani sukan daidaita a hankali, amma idan kasala ko ƙuncin rai ya wuce 'yan watanni, ya ga likita, a kuma gwada masa tayirod.