Tambaya da Amsa: Miyar Taushe a Gidan da Uwa Ke Zuwa Aiki

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya iyali, ya ƙoƙari? Ni malamar jinya ce a nan Birnin Kebbi. 'Ya'yana huɗu, babbar shekararta 13, auta kuma shekararsa 3. Ina fita tun ƙarfe bakwai, ba na dawowa sai bayan la'asar, wani makon kuma aikin kwana ne. Kafin in kintsa yara su tafi Islamiyya, in yi wanke-wanke, magariba ta kawo jiki. Shi ya sa girkinmu ya koma taliya da dafa-duka. Kwanaki maigidana ya je Jega ya dawo da manyan kabewa uku, ya ce yana marmarin miyar taushe irin ta mahaifiyarsa, da tuwon shinkafa. Na yi. Ta cinye mini yamma ɗungurungum, ta fito tsululu, yara suka ƙi ci, wadda ta rage kuma ta wayi gari da tsami. Da surukata ta zo sai ta ce jikokinta sun manta da tuwo. Ba da faɗa ta faɗa ba, amma maganar ta tsaya mini a rai. Wuta ba ta zama a unguwarmu, firij ba abin dogaro ba ne. Akwai hanyar da mai aiki irina za ta riƙa yin wannan miya, ko in haƙura?

Ƙanwarki, daga Birnin Kebbi

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da hidima, ta asibiti da ta gida. Kada ki haƙura. Na yi shekaru ina koyarwa a firamare, ina dawowa gida cike da yara, kuma a lokacin kaka taushe ce ta riƙa fid da ni. Abin da ya wahalar da ke shi ne kin tara aikin kwana biyu a yammaci ɗaya, kuma ke kaɗai. A gidan mahaifiyata a Argungu ba a taɓa yin taushe da hannu ɗaya ba: wata na suyar gyaɗa, wata na gyaran ganye, yaro ya kai niƙa. Wadda surukarki ta yi wa ɗanta yana ƙarami, ina da tabbacin haka aka yi ta.

Bari in fara da tsululun. Kabewa kanta kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ce. In kika zuba mata ruwa kamar za ki dafa wake, nata ya fito ya haɗu da naki, to sai romo. Ruwan da zai zo rabin yankakkiyar kabewar a tukunya ya isa, ki rufe, tururi ya ƙarasa aikin. Sannan ki duba kabewar ko ta ƙosa. Ki danna farcenki a bayanta. In ya shiga da sauƙi, ɗanya ce, ba ta da gari, ba ta da zaƙi. Wadda ta ƙosa bayanta tauri, hancinta ya bushe, tana da nauyi a hannu, in an fasa kuma cikinta ja-ja ne kamar manja. Ita ce ke ɗaure miya ko da gyaɗar ba ta da yawa.

Yanzu ga yadda za ki raba aikin. Ranar da kike hutu, ki ba shi awa biyu. Ki sa a tsince gyaɗa kwano ɗaya, a zubar da duk wadda ta yi baƙi, ta yamutse ko ta yi furfura. Wannan ba tsantseni ba ne kawai: gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai cutar da hanta, kuma suya ba ta kashe ta. A soya sama-sama, a murje, a sheƙe, a kai inji a niƙo ta lukui ba tare da an sa ruwa ba. Ki ɗura a kwalba busasshiya mai murfi. Muddin cokali mai laima bai shiga ba, za ta yi makonni ba ta buƙatar firij. A ranar dai ki daka daddawa da citta da masoro da ɗan kanumfari wuri ɗaya, ki adana. Ki kuma gyara busasshen kifi, ki ɓare, ki cire ƙaya tas, ki ƙara shanya shi. Mu da Allah ya ba kifin Yauri da na Argungu, ban ga dalilin da mace za ta dawo aiki a gajiye ta tsaya jiran ƙashin saniya ya yi laushi ba. Ƙashi da ɓargo da tantaƙwashi suna ƙara wa taushe armashi, ba na musu, amma ki bar su sai ranar hutu ko ranar baƙi.

In waɗannan suna ajiye, ga girkin ranar aiki ga gida mai mutum shida. Da shigarki, kafin ki cire kaya ma, ki ɗora rubu'in babbar kabewa, a fere, a yanka ƙanana, da albasa ɗaya da ɗan ruwan nan da na ce. Minti 15 zuwa 20 ta nuna. A wannan tsakanin ki yi jajjagen tattasai huɗu, tumatir uku, albasa ɗaya. Albasar Aliero na nan a kasuwa, kada ki yi mata rowa, ita ke fito da zaƙin kabewa. Ki soya jajjagen a manja ludayi ɗaya har ruwansa ya tsane, ki zuba dakakkiyar daddawa da gishiri da ɗanɗano daidai bakinku. Ki dama kabewar da ta nuna da bayan ludayi ko maburgi har ta yi sumul, ki juye a kan jajjagen, ki sa kifi. Ki ɗebi gyaɗa cokalin cin abinci huɗu ko biyar, ki dama ta da ruwan ɗumi a kwano kafin ki zuba, don kada ta yi gudaji. Daga nan ki rage wuta ki riƙa juyawa, domin gyaɗa na son kama gindin tukunya. In kin ga mai ya taso sama, ƙamshin ɗanyar gyaɗa ya ɓace, ta yi. Alayyahu shi ne na ƙarshe, da sure, wato yakuwa, ɗan kaɗan in kuna son tsami-tsami, minti biyar ki sauke.

Ba na sa kanwa a taushe, kuma ba na son a sa. Kabewar da ta ƙosa ba ta buƙatarta, ganye kuma in ya sha kanwa yana narkewa ya rasa wani sashe na amfaninsa. In sure ya yi tsami da yawa, ki tafasa shi shi kaɗai ki zubar da ruwan farko.

Tuwon kuwa ki ɗora shi a murhu na biyu tun da farko, da shinkafar tuwo ta gida, wadda ke saurin narkewa. Ranar da ƙarfinki ya ƙare, aika yaro ya sayo masa a maƙwabta. Masa da taushe abincin sallah ne a gidaje da yawa, ba wanda zai ce kin gaza.

Batun tsamin da ta wayi gari da shi: miyar gyaɗa ba ta jure kwana a rufe da ɗumi-ɗumi, musamman in ana ta tsoma ludayin da aka yi rabo da shi. Ke ma'aikaciyar lafiya ce, kin fi ni sanin abin da ke hayayyafa a abincin da ya daɗe a ajiye. Tunda wuta ba ta zama, ki yi daidai cin dare. In ta rage, ki tafasa ta sosai kafin ki kwanta, kada kowa ya ƙara taɓawa, da asuba ki sake tafasawa a yi ɗumame a cinye. In ta yi kumfa ko warinta ya canza, zubar da ita, kada ki ji asara.

Sauran kabewa biyun kada ki fasa su. Ki ɗora su a kan katako ko buhu a wuri mai inuwa da iska, kada su taɓa ƙasa mai laima, kada a karya hancinsu. Haka za su yi watanni. Wadda kika riga kika fasa ita ce ba ta jira. Abin da ba za ki dafa cikin kwana biyu ba, a yanka shi siri-siri a shanya a faifai, a rufe da ɗan yadi mara kauri saboda ƙura da ƙuda. In lokacin hunturu ne, iskarsa za ta busar da shi cikin 'yan kwanaki. Da bazara, lokacin da kayan miya ke tsada, sai ki jiƙa ki dafa. 'Ya'yan cikin ma a wanke a shanya a soya da ɗan gishiri, manyan yaran su ɓare su ci.

Yaran da suka ƙi ci, ina zargin abu biyu: yaji da gudaji. Kin lura ban sa tarugu a jajjagen ba. Ki ɗebar musu tasu, sannan ki sa wa ta manya, ko ki ajiye yajin daddawa a gefe kowa ya barbaɗa. Kada ki tsare su da bulala, kada kuma ki tashi ki dafa musu taliya don sun ɓata rai. Ki sa musu kaɗan, ku zauna ku ci tare, wani satin ki sake. Harshen yaro sabo yake bi. Ki kuma ba su labarin da Anas ɗan Malik ya ruwaito, cewa wani tela ya gayyaci Manzon Allah (SAW) cin abinci, Anas ya ga yana bin yankan kabewa a gefen akushi yana ci, shi ma tun daga ranar bai daina son ta ba. Yaran Islamiyya suna kama irin wannan da sauri.

Sai maganar hannu. 'Yarki mai shekara 13 ta isa gyaran ganye da jajjage, amma kada ki jibga mata komai don ita ce mace, ita ma tana da karatu. Ƙannenta maza su tsince gyaɗa, su kai niƙa, su wanke kwanukan da suka ci. Maigida kuwa ya kyauta da ya kawo kabewa, ki gode masa. Sannan ki gaya masa a natse cewa fasa ƙosasshiyar kabewa da fere ta aikin mai ƙarfin hannu ne, in ya yi miki wannan da dare ko da safe, rabin wahalar ta tafi. Da aka tambayi Nana A'isha abin da Manzon Allah (SAW) ke yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Namijin da ke marmarin miya ba zai ƙi riƙe wuƙa na minti goma ba in aka roƙe shi da daɗin baki.

Na bar surukarki a ƙarshe don ita ce ta fi damun ki, ko da ba ki ce haka ba. Ni yanzu ina da surukai, na san abin da ke cikin irin wannan magana. Sau da yawa tsohuwa ba aibinki take nema ba, gani take abin da ta iya ba wanda ke tambayarta. Ki shirya ranar hutunki, ki sa a ɗauko ta, ki ce, "Inna, taushenki ɗanki ke ta zance, ki zo ki nuna mini hannunki." Ki ajiye mata kujera a bakin murhu, jikoki na kewaye. Za ki ga abin da ita kaɗai ke sawa, wataƙila ɗan man shanu a ƙarshe, wataƙila yawan daddawa, wanda shi ne ɗanɗanon da maigidanki ke nema. Ki fara da sau ɗaya a mako. Sauran ranakun in taliya ce ta samu, ki yanka mata ganye da kifi ki ba su, ba ki yi laifin komai ba.

TAMBAYA

Hajiya barka da aiki. Ni magidanci ne a Gusau. Matata malamar makaranta ce, da rana kakar yaro ke riƙe mana ɗanmu mai wata bakwai, kuma koko kawai yake sha. Na ce a gwada ba shi kabewa, kakarsa ta ce za ta sa shi zawo. Wa ya fi gaskiya?

Wani uba, daga Gusau

AMSA

Malam, Allah ya raya shi, kuma na ji daɗi da uba ne ya yi wannan tambaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, daga nan a fara ƙarin abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2. Ɗanka ya isa. Koko tsululu yana cika ciki ne kawai, ba ya ɗauke da abin da jikin yaro ke nema a wannan lokaci. Jan cikin kabewa kuwa jiki na mayar da shi bitamin A, mai taimakon ido da garkuwar jiki, kuma ya fi shiga jiki in an haɗa da ɗan mai.

Tsoron kakarsa yana da tushe, sai dai ba daga kabewar ba. Yara kan yi zawo a lokacin fara cin abinci saboda hannu da cokali da ruwan da ba su da tsabta, ko abincin da ya daɗe a ajiye. Don haka a dafa masa tasa daban, sabuwa, a murje ta sumul, a ɗiga manja ko man gyaɗa kaɗan, ba gishiri, ba ɗanɗano, ba yaji, ba zuma sai ya shekara. A fara da cokali biyu ko uku, sau biyu a rana, a riƙa ƙarawa. Bayan 'yan kwanaki a haɗa da ɗan niƙaƙƙiyar gyaɗa, ko dafaffen ƙwai, ko kifin da aka murje aka tabbatar ba ƙaya. Ranar da aka fara ba shi gyaɗa ko ƙwai a sa masa ido. In ya yi ƙuraje, fuska ta kumbura ko numfashi ya canza, a kai shi asibiti nan take. Ka kuma duba katinsa na rigakafi, domin daga wata 6 ana ɗiga wa yara bitamin A a asibiti.

Kada ka yi gardama da kakarsa a kan wannan. Ka sayo kabewar, matarka ta dafa a gabanta ranar Asabar, a miƙa mata cokalin ita ta fara ba shi da hannunta.