Jikin Mama ne ya saba da magani? Tambaya kan juyin halitta da zaɓin yanayi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar ajin farko a jami'a a nan Jos, jarrabawa ta matso kuma darasin juyin halitta ya ƙi zauna mini. An ce zaɓin yanayi mai ƙarfi yake bari, to me ya sa dainaso suka ƙare, ƙananan dabbobi suka saura? Abin da ya fi damuna kuma shi ne mahaifiyata. Zazzaɓi yana ta dawo mata, mai kemis ɗin unguwarmu ya ce jikinta ne ya saba da maganin maleriya, sai dai a koma allura. Na rubuta irin wannan amsa a gwajin aji, malami ya soke ta da jan biro. Wane ne ke da gaskiya? Daga wata ɗaliba, Anguwar Rogo.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Mama lafiya. Malaminki ne ke da gaskiya, kuma tambayoyinki biyu tushensu ɗaya.

Na dainaso ba ta da wuya. Zaɓin yanayi ba ruwansa da ƙarfi ko girman jiki. Wanda ya dace da halin da ake ciki har ya bar zuriya, shi ne ke wucewa. Kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce wani dutse mai faɗin wajen kilomita 10 ya faɗo daga sama a Chicxulub, gaɓar Yucatán ta Meziko. Ƙura da hayaƙi suka tare rana, tsirrai suka mutu, kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in halittu suka ɓace. A irin wannan hali babban jiki mai buƙatar abinci da yawa ya zama kaya. Masu ƙaramin ciki, masu shiga rami, masu cin iri da ruɓaɓɓen abu, su suka fi tsira, kuma sa'a ma ta taka rawa. Kadoji da kunkuru sun wuce, tsuntsaye ma, waɗanda reshe ne na dainaso ɗin. Ƙasarmu tana da shaidarta: a yankin Goronyo na jihar Sakkwato aka tono ƙasusuwan wata dabbar teku mai jan ciki da aka raɗa wa suna Goronyosaurus, danginta kaf sun tafi a wannan karon. Ki riƙe kuma cewa cikin manyan ƙarewar halittu guda biyar, ta ƙarshen zamanin Famiyan, shekara miliyan 252 baya, wadda ake dangantawa da aman wutar duwatsu a Saiberiya, ta fi wannan muni.

Yanzu maganar mai kemis, wadda ita ce ke ɗaga mini hankali, domin ba ranar da ba na jin ta, a aji, a mota, har a bakin masu digiri. "Jikina ya saba." "Ƙwayar cutar ta gane maganin." Duk kuskure ɗaya ne: a ɗauka halitta tana ganin matsala sai ta sauya kanta don ta tsira. Ba haka abin yake ba. Bambancin yana nan tun kafin maganin ya zo. Bakteriya irin E. coli tana iya rabuwa biyu duk bayan minti 20 idan ta samu yadda take so, kuma a wajen kwafar ƙwayoyin gado kuskure kan faru jefi-jefi, ba da nufi ba. Cikin miliyoyi sai a samu 'yan ƙalilan da kuskuren ya sa magani ba ya kama su sosai. Maganin kamar rariya yake: ba ya ƙirƙirar tsaki, yana dai zubar da gari ya bar shi a sama. Waɗanda suka saura su ke haihuwa, kuma 'ya'yansu su gaji halin. Joshua da Esther Lederberg sun nuna wannan a 1952, lokacin da suka ware bakteriyar da ba ta jin wani maganin kashe bakteriya mai suna siteraptomaisin daga cikin wadda ba ta taɓa haɗuwa da maganin ba.

Me ya sa nake nacewa? Saboda wanda ya yarda jikinsa ne ya saba, zai ɗauka matsalar tasa ce shi kaɗai, sai ya canza magani ya ci gaba da harkarsa. Alhali ƙwayar da ta daina jin magani ba ta zama a jikin mutum ɗaya. Sauro ya ɗauke ta ya kai wa jaririn maƙwabta wanda bai taɓa shan ko ƙwaya ɗaya ba. Tari ya kai ta ɗakin da mutum shida ke kwana. Haka muka yi asarar kulorokwin. Ƙwayar maleriyar da ba ta jin sa ta fara bayyana a ƙarshen shekarun 1950 a iyakar Tailan da Kambodiya da kuma Kolombiya, ta iso gabashin Afirka a 1978, ta bazu, har Najeriya ta sauke shi daga matsayin maganin farko a 2005 ta koma haɗin da ake kira ACT, wato maganin atemisinin haɗe da wani maganin maleriya. Magani mai araha da talaka ke iya saye ya tafi. Yanzu kuma an tabbatar da ƙwayoyin da suka fara jinkirin jin atemisinin a Ruwanda da Yuganda.

Sannan ki je tashar mota ki ga abin da ake yi. Mai tire a ka, rana na dukan magani tun safe, yana yanka katin kafso yana sayar da biyu-biyu gwargwadon kuɗin aljihunka. Yaron kemis da bai karanta komai ba yana haɗa "maleriya da taifod" ga duk wanda ya ce kansa na ciwo, ba gwaji. A ba yaro antibayotik don mura, wadda bairas ke kawowa, maganin bai taɓa ta ba sai dai ya tace bakteriyar cikinsa. Masu kiwon kaji suna zuba shi a ruwan sha kullum. Mai tarin fuka ya ji sauƙi a wata na biyu ya ajiye magani, alhali wata shida aka ce. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi gargaɗi kan shan abin da bai kai ƙima ba tun 1945. Dokar da ta ce kada a sayar da waɗannan magunguna sai da takardar likita tana nan a rubuce, amma ki nuna mini unguwar da ake bin ta. Wallahi abin yana ci mini rai.

Akwai magungunan da jiki kan saba da su da gaske, irin tiramol, inda mai sha ke buƙatar ƙari. Wannan wani babi ne daban, bai shafi maganin maleriya ba.

Game da Mama, kada ki yarda a yi mata allura a shago. Ki kai ta asibiti a gwada jininta, domin ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. Idan ita ce, likita zai so ya san abubuwa kaɗan: ta shanye kuwa? Haɗin atemeta da lumefantirin, wanda nau'in ACT ne, sau shida ake sha cikin kwana uku, kuma da abinci mai maiƙo ko madara jiki ya fi karɓar sa. Ta yi amai bayan sha? A ina aka sayo, domin jabu ya yi yawa? Tana kwana cikin gidan sauro, ko sabon cizo ne ke dawo da ita? Ki tafi da kwalin maganin da ta sha a hannunki, likitan ya gani da idonsa.